Ka Daina Sayen Oba-Oba Saboda Abin Da Aka Rubuta A Kwali

Yau magana ce a kan oba-oba, wato ƙaramin rediyon hannu da ake magana da shi ba sim ba kati, kuma zan faɗe ta ba tare da kwana-kwana ba, ko da ran wasu masu sayarwa zai ɓaci. Mafi yawan masu sayenta don sha'awa ana cutarsu tun a shago, sannan su koma gida su ƙara cutar kansu da rashin sani. Na farko asarar kuɗi ne kawai. Na biyun zai iya kai mutum inda bai taɓa zato ba.

Tun watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, mutane suka gane cewa wayar da ke aljihunsu ba komai ba ce idan aka kashe turken sabis. Don haka sha'awar mallakar na'urar da ba ta dogara da kamfanin waya ba abu ne mai ma'ana. Amma sha'awa daban, sani daban.

ƘARYAR KILOMITA

Ka ɗauki kwalin, ko ka buɗe tallar a intanet. Za ka ga an rubuta kilomita 10, kilomita 20, wani ma ba kunya ya rubuta 50. Malam, wannan lambar ba da kai ake ba.

Oba-oba irin ta hannu tana aiki ne a zanguna biyu, VHF da UHF, kuma siginar waɗannan zanguna tafiyar miƙe take yi, kusan kamar hasken tocila. Ba ta bin lanƙwasar ƙasa yadda gajeren zangon da kake kama BBC da shi yake tsallaka ƙasashe. Idan kai da abokinka kuna tsaye a ƙasa, kowa da rediyo a daidai bakinsa, wato tsayin ƙafa 5 ko makamancin haka, iyakar abin da lanƙwasar duniya za ta bar muku bai wuce kusan kilomita 10 ba. Wannan kuma a fili ne fetal, ba gini, ba dutse, ba bishiya. Ka shigo da su cikin gari, tsakanin katangun bulo da kwanon rufi da wayoyin lantarki, sai ka ga kilomita 1 zuwa 3 ne abin da ya rage, wani lokacin ma a cikin ɗaki ba ta kai haka ba.

Yanzu ka hau saman bene mai tsayin ƙafa 30. Da wannan rediyon dai, da wannan batirin, lissafin ya tashi zuwa kusan kilomita 17. Ka hau Dutsen Dala ko Goron Dutse a Kano, sai ka ji wanda ba ka taɓa ji ba kana ƙasa. Me ya canza? Tsayi ne kawai.

Ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, tana shawagi a nisan kusan kilomita 400 daga ƙasa, kuma tana ɗauke da rediyon masu sha'awa. Mutane a duniya suna kama siginarta da wannan oba-oba mai araha suna tsaye a tsakar gida. Na'urar da ta ji abu daga kilomita 400 ita ce ta kasa jin abokinka da ke bayan kasuwa, saboda tsakaninka da sama babu katanga. Duk mai sayarwar da ya yi maka alƙawarin kilomita kaza ba tare da ya tambaye ka inda za ka tsaya ba, ko dai bai san kayansa ba, ko kuma ya san cewa kai ba ka sani ba.

ƘARYAR WAT

Abu na biyu da ake yaudarar mutane da shi shi ne wat. Wannan wat 5 ce, wannan 8, waccan 10, kuɗin ma haka yake hawa. Sai mutum ya ɗauka wat 10 za ta ninka masa nisan wat 5. Ba haka lissafin yake ba. Ko a sarari, inda babu abin da ya tare, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Daga wat 5 zuwa 8, abin da za ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai a yanayi mafi kyau, a cikin gari kuwa da ƙyar kunnenka zai ji bambanci. Abin da za ka ji sosai shi ne zafin rediyon a hannunka da saurin mutuwar batir. Kuma fa wannan idan lambar gaskiya ce, domin rubuta 10 a kwali ba ya buƙatar komai sai tawada.

Haka batir. UV-5R ta asali tana zuwa da batir mai 1800mAh, akwai kuma dogo da ake rubuta wa 3800mAh. Idan ka ga ƙaramin batir mara nauyi an lafta masa wata ƙatuwar lamba, ka ajiye masa kayansa.

TO A GUJI MAI ARAHA KE NAN?

A'a. Nan ne na raba gari da masu cewa duk oba-oba 'yar Sin shara ce, wai araha ba ta ado. Baofeng UV-5R ta fito a 2012 daga lardin Fujian na ƙasar Sin, ana samunta a kusan dala 20 zuwa 30 a kasuwannin intanet, kuma ita ce ta buɗe wa ɗimbin mutane ƙofar wannan fanni a lokacin da rediyon Yaesu ko Icom ko Kenwood ya fi ƙarfin aljihunsu. Tana aiki daga mita 136 zuwa 174 MHz, da kuma daga 400 zuwa 520 a yawancin samfura. Tana ajiye tashoshi 128, tana kama gidajen rediyon FM na gari, tana da tocila. Ga mai koyo, wannan ya isa har da saura.

Amma a faɗi aibinta a gabanta. Kunnenta ba shi da tacewa mai kyau, don haka idan kana kusa da turken gidan rediyo ko na kamfanin waya, siginar mai ƙarfi za ta toshe mata ji, ka yi ta zargin abokinka bai yi magana ba. Sannan wasu daga cikinsu idan suna watsawa suna zubar da ɓurɓushin sigina a mitocin da ba a saita su a kai ba. Wannan ne ya sa hukumar sadarwa ta Jamus ta hana sayar da UV-5R a 2021. Ka saye ta a matsayin keken koyo, kada ka ɗauke ta motar tafiya Legas.

Idan za ka zaɓa, ga yadda nake ganin su. UV-5R tana da fuska da madannan lamba, kana ganin mitar da kake kai, kuma bayanin yadda ake sarrafa ta ya cika intanet. Quansheng UV-K5 kusan farashinsu ɗaya, tana ajiye tashoshi 200, kuma ana iya sauya mata manhajar ciki, abin da masu son bincike ke so ke nan. Idan aljihunka da ɗan nauyi, Yaesu FT-65 ta fi su tsaftar sigina da kaifin ji. Wadda ba zan ba mai koyo shawararta ba ita ce BF-888S, mai tashoshi 16 da ake sayarwa bibbiyu a kwali. Ba ta da fuska, ba ka ganin mitar da kake magana a kai, kuma mitocin da ke cikinta masana'anta ce ta zuba su, ba wata hukuma ce ta ba ka ba. Ka kunna ta ka fara surutu, kamar ka rufe ido ne ka shiga gidan da ba ka san na wane ne ba.

INDA YA KAMATA KUƊINKA YA TAFI

Rarar da za ka ƙara don sayen wat na bogi, ka kashe ta a abu biyu.

Na farko eriya. Eriyar da ta dace da mita 145 tsawonta ya kai kusan santimita 50, ita kuwa 'yar guntuwar da ke zuwa a kwali ba ta kai rabin haka ba. An gajarta ta ne don ta shiga aljihu, kuma ƙarfin siginarka ne ke biyan kuɗin wannan gajartar. Doguwar eriya irin Nagoya NA-771, mai kusan santimita 39, tana kawo bambancin da wat 8 ba za ta kawo ba, sai dai jabunta sun yi yawa, don haka ka kula da inda ka saya. Ka kuma duba bakin ɗaurinta: UV-5R tana son eriya mai bakin SMA na mace. Mafi kyau duka, ka kafa eriya a saman rufi ka jawo kebul zuwa ɗaki. Kuma har abada kada ka danna madannin magana babu eriya a jiki, domin ƙarfin da ya rasa mafita komawa yake ya ƙona kayan ciki.

Na biyu kebul ɗin saiti, mai baki biyu a gefe ɗaya da USB a ɗaya gefen. Da shi za ka haɗa rediyon da kwamfuta ka yi amfani da manhajar CHIRP, wadda kyauta ce. Abin da za ka fara yi shi ne ka sauke abin da ke cikin rediyon ka ajiye kwafinsa, sannan ka fara gyara. A CHIRP kana iya sa wa kowace tasha suna, kuma kana iya kulle ta ta zama ta saurare kawai, ta hanyar sa Duplex ɗinta a off. Idan ka yi haka, ko yaro ya ɗauka ya danna, babu abin da zai fita. Ga wanda bai da lasisi tukuna, wannan saitin ya fi kowane muhimmanci.

MAGANAR DA MAI SHAGO BA ZAI GAYA MAKA BA

Iskar da kake ganin ba ta kowa ba ce, a rarrabe take kamar filayen gari, kowane da mai shi. A rabon da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta yi, Afirka tana yanki na ɗaya tare da Turai, kuma a wannan yankin filin masu rediyon sha'awa, waɗanda ake kira ham, shi ne 144 zuwa 146 MHz, sai 430 zuwa 440 MHz. Ka kwatanta da abin da rediyonka ke iya taɓawa. Daga 136 zuwa 174 akwai faɗin 38, naka a ciki 2 ne kacal, shi ma sai da lasisi. Ragowar na wasu ne: hukumomin gwamnati, kamfanoni, jiragen ruwa. Mita 156.800 ita ce tashar neman agaji ta jiragen ruwa a duk duniya. Can ƙasa, 136 zuwa 137 wutsiyar zangon jiragen sama ce. Rediyonka ba zai hana ka dannawa a ko'ina ba, hankalinka ne kaɗai birki.

A nan ne masu koyo daga YouTube ke faɗawa rami. Yawancin bidiyoyin 'yan Amurka ne suka yi su, kuma su filinsu ya kai har 148. Za ka ji Ba'amurke ya ce ka saita 146.520, ita ce mitar kira. A can gaskiya ya faɗa. A nan kuwa ka fita daga filin gaba ɗaya, mitar kira a yankinmu ita ce 145.500, a UHF kuma 433.500. Haka tashoshin FRS da suke cewa ba sa buƙatar lasisi, ko PMR446 ta Turai mai rabin wat, dokokin ƙasashensu ne, ba su zama izini a gare ka ba don kawai ka gan su a bidiyo.

A Nijeriya, tun Dokar Wireless Telegraphy ta 1961 ake buƙatar lasisi kafin mutum ya yi amfani da na'urar watsa sigina. Mai lasisin sha'awa ana ba shi lambar kira tasa shi kaɗai. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ, ta Chadi TT, ta Sudan ST. Akwai ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, NARS, kuma neman waɗanda suka riga ka samun lasisi ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin matakan da ake bi a yanzu. A Nijar, hukumar ARCEP ce ke kula da rabon mitoci.

Na san abin da wani zai ce: haba malam, ai kowa yana yi, wa zai kama ni? Wani kuma ya ce ai wasa nake da ƙanena a unguwa. To saurara. Kai ma kana jin sanarwar sojoji idan sun lissafa kayan da suka ƙwato daga 'yan bindiga: bindigogi, harsasai, babura, da rediyon Baofeng. Sunan wannan na'urar ya riga ya shiga wancan jerin, ko ka so ko ka ƙi. Ka yi tunanin an tsayar da motarku a shingen bincike tsakanin Funtuwa da Gusau, an buɗe jakarka an ga oba-oba. Ba rasit, ba lasisi, ba katin wata ƙungiya, kuma da aka kunna sai ga mitocin da kai kanka ba ka san na su wa ba ne. Wane bayani za ka yi da zai gamsar da jami'in da aka kai wa abokan aikinsa hari a wannan hanyar? Kalmar "sha'awa ce kawai" ba ta da nauyi a irin wannan wurin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Don haka ka riƙe rasit ɗinka. Kada ka ajiye mitar jami'an tsaro a rediyonka, ko da wani ya ba ka ita yana alfahari. Kada ka rataya ta a ƙugu kana yawo kamar wani jami'i. Idan ba ka da takarda, kada ka yi doguwar tafiya da ita.

Sannan a gane wani abu. Lasisin sha'awa na koyo ne da gwaji da zumunci tsakanin masu lasisi. Ba a kasuwanci da shi, ba a sa waƙa, ba a ɓoye magana da lambobin sirri. Idan kana son oba-oba don shagonka, makarantarka, masu gadin kamfani ko 'yan sintirin unguwa, wannan wata hanya ce daban, sai an nemi mita ta musamman daga hukuma.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da abin da ake kira lambar sirri, wato CTCSS da DCS. Ba sa ɓoye komai. Aikinsu kawai su hana kai jin waɗanda ba su sa irin lambarka ba, amma duk wanda ya bar tasa a kashe yana jin ka tas. Duk abin da ba za ka iya faɗa a tsakiyar kasuwa ba, kada ka faɗe shi a oba-oba.

YADDA ZA KA FARA

Idan UV-5R ce a hannunka, ga saitin farko. Ka danna MENU sannan lambar, ka sake danna MENU don canzawa, ka sake dannawa don ajiyewa.

Lamba 0, SQL, ita ce ke danne ƙarar shuuu. Ka sa ta a 2 ko 3, in ka kai ta sama sosai za ta danne har da siginar da ke da rauni.

Lamba 2, TXP, ƙarfin watsawa. Ka bar shi a LOW, wato wat 1. Ƙa'idar masu wannan fanni ita ce a yi amfani da mafi ƙarancin ƙarfin da zai isar da magana.

Lamba 4, VOX, ka kashe ta. Idan tana kunne, rediyon da kansa zai riƙa watsa duk hirar da ake yi a ɗakinka.

Lamba 9, TOT, ka sa daƙiƙa 60, don ko ka zauna a kan madannin ba da sani ba, ta yanke da kanta.

Don ajiye tasha kuwa, ka danna VFO/MR ka koma wajen rubuta mita, ka tabbatar kana layin sama, ka rubuta 145500, sai MENU 27, ka zaɓi lambar da babu komai a cikinta, ka ajiye. Lamba 28 ita ce ta gogewa.

Lambobi 25 da 26 na rifita ne, wato na'urar da ake kafawa a wuri mai tsayi tana karɓar maganarka a wata mita tana maimaita ta a wata. Ita ce ke mayar da kilomita 3 ya zama gomomi. A zangon 145 na yankinmu kana watsawa ne a ƙasa da mitar da kake saurare da 0.600. Ka tambayi masu lasisi na kusa da kai ko akwai rifita a yankinku kafin ka gina buri a kanta.

Wajen caji, ka kashe rediyon kafin ka ɗora shi a mazauninsa, kada ka yi magana yana kan caja, kuma kada ka bar shi a gaban mota cikin zafin Afrilu, batirin lithium ba ya shiri da wannan.

Daga nan sai saurare. Ka sauke manhajar da ke nuna lokacin wucewar ISS, irin su ISS Detector ko Heavens-Above. Wucewa ɗaya ba ta cika wuce minti 10 ba. Ka fita fili, ka saita 145.800 ko 437.800, ka buɗe SQL zuwa 0, ka riƙa karkata eriyar a hankali. Ba kullum ake dacewa ba, domin sai rediyon tashar yana kunne kuma akwai masu magana, amma ranar da ka ji murya ta sauko daga sama cikin na'urar dala 25, za ka gane dalilin da ya sa mutane ke tsufa a wannan fanni. Ka koyi haruffan kira na Alfa, Bravo, Charlie. Ka gwada haɗa eriyarka da waya da bututun roba, ka ga yadda ji ke canzawa daga tsakar gida zuwa saman rufi. Duk wannan ba ya buƙatar ka danna madannin magana ko sau ɗaya.

Ranar da lasisinka ya fito, ka saurara tukuna ka tabbatar babu mai magana, ka danna, ka ɗan jira daƙiƙa ɗaya, ka riƙe rediyon a tsaye ɗan nesa da bakinka, ka faɗi lambar kiranka a natse. Kafin wannan ranar, yatsanka ya yi haƙuri.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen oba-oba, musamman mai yawan tafiye-tafiye. Sai mun haɗu a darasi na gaba, ko kuma kamar yadda masu wannan fanni ke sallama, 73.